Akwatin da Baba Ƙusa Ya Buɗe

Duk wanda ya san Baba Ƙusa ya san ba ya zama. Ba rashin kujera ba ne. Akwai wata shuɗiya ta roba da 'ya'yansa suka ajiye masa a bakin ƙofa ranar da ya bar aiki, har yau ledar ƙafafunta ba ta gama fita ba. Zai ɗosana a kai, ya ce wash, kafin ka gama gaishe shi ya miƙe, ya hango wata ƙusa da ta leƙo a ƙyauren maƙwabci. Matarsa ta ce shekara talatin da biyar suna tare, ba ta taɓa ganin shayinsa ya ƙare a inda aka miƙa masa shi ba. Kofi a kan taga, kofi a kan tankin ruwa, wani ma a cikin firji aka tsince shi, kuma har gobe yana musun shi ya sa.

Sunan a kamfanin tangaran ya samo shi, inda ya yi shekara talatin da ɗaya a sashen ɗaure kaya. Faranti suke yi, da kofuna, da butocin shayi, da kwanon wanke hannu, duk abin da in ya faɗi sau ɗaya an gama magana. Aikinsa shi ne ya haɗa akwatin katako, ya shimfiɗa soso, ya kwantar da kaya, ya ɗora murfi, ya bi shi da ƙusa. Shida-shida yake jera ƙusoshin a baki, yana zarowa yana bugawa, guduma biyu kowace ta nutse. Mutumin da ya wuni da ƙusa a baki kuwa ba ya sabawa da surutu.

A bangon sashen akwai wata baƙar waya. Ba a taɓa kiranta don a ce an gode ba. In ta yi ƙara, to wani abu ya fashe a hanya, sai kowa ya ajiye guduma ya yi tsuru-tsuru har a ji akwatin wa ne. Dokar wurin ke nan: in an ji shiru, kaya sun isa lafiya. Baba Ƙusa ya taɓa yin shekara huɗu cur wayar nan ba ta yi kuka a kan akwatinsa ba, har aka ba shi agogon bango. Yana nan a falo, yana gudu da minti goma, kamar mai shi.

Inda aka samu matsala shi ne da ya kwaso dokar nan ya kawo gida. Yaro zai kawo sakamakon jarrabawa, ya zo na ɗaya, Baba ya karɓa ya duba sama da ƙasa, ya miƙa masa abinsa ya wuce. A wurinsa ya gama yabo ke nan. In kuwa ka ji muryarsa, ka yi ɓarna. Manyan 'ya'yan uku sun gane karatun tun da wuri, suka girma, suka kama gabansu. Auta ce kawai ba ta taɓa ganewa ba. Ita mutum ce mai son a faɗa mata abu da baki, kuma in ana gaskiya ita ke da gaskiya, domin ɗa ba kwanon wanke hannu ba ne.

Auta malama ce a makarantar ƙananan yara. Tana da wata 'yar mitsitsiyar jita mai tsirkiya huɗu, ukulele ake ce mata, tsawonta bai fi kamu ɗaya da ɗan ɗori ba. Wata malamarsu ta kwaleji ce ta bar mata ita. Da ita take koya wa yara ƙirga da sunayen dabbobi, da yamma kuma ta zauna a tsakar gida tana kaɗawa a hankali. Baba bai taɓa kiran abin da sunansa ba. Ludayin Auta yake cewa. Amma matarsa ta lura duk lokacin da aka fara kiɗan, aikin da zai samu ya yi ba ya wuce nesa da tsakar gida.

Sai ga takarda ta zo. Wata babbar makaranta ta ɗauki Auta aiki, a wani gari mai nisan kwana ɗaya da wuni a mota. Ana cin abinci ta karanta musu, idonta a kan ubanta. Shi kuwa daɗi da tsoro suka taru masa lokaci guda. Ya ajiye cokali, ya tashi ya tafi gyaran famfon da ba ya yoyo.

Sati uku ke nan bai ce uffan a kan maganar ba. Shi a ganinsa ya ba da izini tun ranar farko. Ita a ganinta ya yi fushi. Ta daina kiɗan yamma, ta ɗora jitar a kan kwaba, gaisuwa ta koma ina kwana da lafiya lau. Ranar Asabar za ta tafi.

Ranar Litinin ya shiga ɗakinta zai duba sakatar taga, ya ga an fara haɗa kaya. Jakunkuna biyu, da bokiti, a sama kuma ga ludayin an zura shi cikin rigar filo, an ɗaure bakin da igiyar takalmi. Baba Ƙusa ya tsaya kamar an dasa shi. Ya san masu lodi. Shekara talatin da ɗaya yana faɗa da su. Ya san yadda suke cilla kaya, su ɗora buhu a kai, su hau su taka don a samu wurin wani buhun. Rigar filo.

Da yake Auta ta riga ta ajiye tsohon aikinta, kullum tana fita karɓo takardu da sallamar 'yan uwa, sai ya samu fili. Ya ɗauki jitar da hannu biyu ya kai ta rumfar kwanon da ke ƙarshen tsakar gida, inda yake tara kayan aikinsa. Ya kwantar da ita a kan kwali ya zagaye ta da fensir. Ya auna wuyanta, ya auna kaurin cikinta, ya auna tudun da tsirkiyoyin suka hau, ya rubuta a bango. Ya mayar da ita cikin rigar filon, ya ɗaure igiyar yadda ya same ta.

Talata ya yanka katako. Siriri ya zaɓa, mara nauyi, don mace ce za ta ɗauka. Bai yi masa ƙugu irin na jita ba, shi bai san wannan iyayin ba. Dogon akwati ya yi, faɗi ta wajen ciki, tsuke ta wajen wuya. Ya goge shi da sanfefa har sai da ya shafa a kumatunsa bai ji kaushi ba. Matarsa ta leƙo ta ce, “Malam, me ake ƙerawa?” Ya ce, “Wani abu.” Ta ce, “Allah ya ba wani abu lafiya,” ta koma kicin.

Laraba da hantsi ya sake ɗauko jitar don gwaji. Ya liƙa soso kaurin yatsa biyu a ƙasa da kowane gefe, ya yi wa wuyan matashi, ya bar sarari a saman tsirkiyoyin, domin ƙa'idarsa ce kada komai ya taɓa fuskar kaya. Ya kwantar da ita. Ta zauna daram, ko motsi. Ya girgiza akwatin, shiru. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun yana kamfani. Akwai sauran ƙusoshi a bakinsa na wata kusurwa da ya gama ƙarfafawa. Ya ɗora murfin don ya ga ko ya hau daidai. Ya hau. Daidai lokacin matarsa ta ɗaga murya daga kicin tana tambayar ko ya ga wuƙarta mai baƙin ƙota, yana amsa mata ta hanci, yana tunanin inda ya ga wuƙar, hannunsa kuma yana aikin da ya saba.

Sai da ya miƙa hannu zai ɗauko burushin zana kibiyar da ke nuna saman akwati sannan ya dubi abin da ya yi. Ƙusa goma sha takwas, a jere, tazara ɗaya, kowace ta nutse har kai. Kuma ba ƙusar banza ba, irin mai zobe-zobe a jiki ce, wadda in ta shiga ba ta san hanyar fita ba. Sai a lokacin ya tuna cewa abin nan kullum ake buɗe shi. Kwana uku yana aiki, tunanin hinjis irin na ƙofa ko sakata bai taɓa gifta masa ba. Akwatunansa sau ɗaya ake buɗe su, a can inda suka je, da ƙarfe, a farfasa a yar. Shi kansa bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ya ɗauko ƙarfen ɓanɓare ƙusa ya cusa bakinsa a ƙarƙashin murfin, ya danna kaɗan. Katakon ya yi ƙara, tsakiyar murfin ya lotsa ciki, daga can ciki kuma ya ji wani siririn amo. Ya zare ƙarfen da sauri. Siririn katakon da ya zaɓa don tausayi shi ne zai karye ya soki cikin jitar. Ya zaga rumfar, ya dawo, ya gwada awartaki, kan ƙusar ko kamuwa bai yi ba. Ya sake zagawa. Yana cikin haka ya ji sallamar Auta a ƙofar gida, ya ja tsohon tamfol ya rufe akwatin.

Ba a yi minti goma ba ya ji ana jan jakunkuna a ɗaki. Ya ji ta tambayi uwarta. Ya ji an buɗe kwaba an rufe, an sake buɗewa. Sannan ta fito tsakar gida da rigar filon a hannu, ta same shi yana ɗaure igiyar shanya da ba ta kwance ba.

“Baba, ba ka ga jitata ba?”

Kalma biyar ta ishe shi ya fita daga wannan rami. Amma mutumin da aka ba agogo don bai taɓa kuskure ba, yaya zai buɗe baki ya ce ya rufe kayan mutane da ƙusa kamar sabon shiga? Kunya ta riƙe masa harshe. Abin da ya fito shi ne, “Ki duba da kyau.”

Ta dube shi. Ya dubi igiya. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Baba, in ba ka so in tafi, ka faɗa mini da baki. Ba sai ka ɗauke mini abu ba.”

Ya ci gaba da ɗaure igiyarsa.

“Zan tafi ranar Asabar,” in ji ta, “da ita ko babu ita.” Ta ninke rigar filon ta shige ɗaki. Maganar ta soke shi, don ya ji sarai abin da ke ƙarƙashinta: in ta tafi a haka, ta tafi da cewa ubanta ya yi mata mugunta, kuma ba lallai ta yi marmarin waiwayo gidan ba.

Matarsa ba ta tambayi kowa ba. Ta goge hannu a zani, ta wuce shi, ta shiga rumfa ta ɗaga tamfol. Ta dubi akwatin, ta dubi awon da ke rubuce a bango, ta ƙirga ƙusoshin da ido. Dariya ta zo mata har sai da ta dafa bango, ta toshe baki don kada a ji. Da ta lafa kuma sai ranta ya ɓaci.

“Malam, je ka faɗa mata yanzu.”

“Sai na buɗe.”

“Yarinya tana ɗaki tana kuka, kai kana nan kana jin kunyar katako?”

“Na ce sai na buɗe. Kada ki faɗa mata.”

“Ba zan faɗa ba,” in ji ta. “Shekara talatin da biyar ina yi maka tafinta a gidan nan. Wannan karon da bakinka za ka yi.”

Alhamis da sassafe ya zura akwatin a buhu ya saɓa, ya nufi shagon amininsa Mai Kushin, wanda ke ɗinkin kujerun mota a bayan tasha. Tun suna samari suke tare, kuma ba a taɓa haɗa mutum biyu da suka saɓa kamarsu ba. Mai Kushin ƙato ne, in ya zauna a gaban keken ɗinkinsa da safe sai yunwa ta tashe shi. Shagon cike yake da soso da yankakkun ledoji, da warin gam, da kujerar wata mota da aka farke mata ciki. Ya saurari labarin yana ɗinki, bai ɗago ba, sai kafaɗunsa da ke rawa.

“Wato ka yi lodi,” in ji shi. “Saura direba.”

“Ban zo wasa ba.”

“Zauna mana.”

“Ina sauri.”

“Kai da aka haifa kana sauri. Miƙo in gani.” Ya juya akwatin, ya ƙwanƙwasa gefe da gefe, ya kara a kunne. “Aiki dai ya yi kyau, ba a magana. To ka bar ƙusoshin nan, sun zauna ke nan. Ka san yadda masu akwatin ƙwarai ke yi? Haɗa shi suke yi a rufe ruf, sannan su zagaye shi da zarto su cire murfin. Ta haka baki ke haɗuwa da baki, ko gashi ba ya shiga. Ka yi daidai ba ka sani ba. Sai dai su ba sa barin kaya a ciki.”

Baba Ƙusa ya auna tsawon ƙusar a ransa. Dole layin yankan ya sauka ƙasa da tsininsu, daidai saitin jikin jitar ke nan. Tsakanin haƙoran zarto da kayan Auta babu komai sai soso kaurin yatsa biyu.

“Riƙe mini in yanka a nan,” ya ce.

“Ni? Hannuna rawa yake. In zarto ya zarce, ka ce ni na motsa, abotar shekara arba'in ta tafi a kan ludayi. Je ka nemi mai riƙewa a gida.” Ya jawo wata tsohuwar gwangwani ya tsamo masa hinjis biyu ƙanana, da maɓallai biyu irin na akwatin tafiya, da mariƙin fata. Ya yanko masa ragowar jan karammiski. “Wannan ka lulluɓe soson. Kuma in ka gama ka zo in koya maka yadda ake buɗe ƙofa, na ga abin yana ba ka wuya.”

Wunin ranar bai yanka komai ba. Ya ja layi da fensir, ya goge, ya sake ja. Ya wasa zarto. Ya liƙa tef a jikin zarton daidai kaurin katakon, don ya san inda zai tsaya. Ya fita bakin titi ya dawo, ya shiga falo ya dubi agogo, ya cire minti goma, ya koma rumfa. Auta ta wuce shi sau biyu, ta gaishe shi kamar yadda ake gai da baƙon maƙwabci. Abinci ma a tsaye ya ci, rabi.

Juma'a da safe ya ce wa matarsa ta zo ta riƙe masa. Ta ce, “Mai kaya ta riƙe,” ta ci gaba da wanke-wanke. Ya yi ƙwafa ya tafi. Ya kwantar da akwatin ta gefe a kan benci, ya danne da gwiwa, ya ɗora zarto a kan layi ya ja a hankali. Ja na farko, na biyu. Sai ga amon nan ya taso daga ciki, tsirkiya huɗu suna amsa wa zarto, siriri amma a fili. Sararin da ya bar musu ne ya ba su bakin magana. Akwatin ya zame ƙarƙashin gwiwarsa, ya tsaya ya gyara. Da ya ɗago, Auta na tsaye a bakin rumfa da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

“Baba, me ke cikin nan?”

Babu ƙusa a bakinsa, babu inda zai ɓuya. Ya ajiye zarton.

“Ludayinki ne,” ya ce. “Na ga kin sa shi a rigar filo. Masu lodi ba su da imani. Na ce bari in yi masa gida, sai hannuna ya riga ni, na rufe da shi a ciki. Kunya ce ta hana ni faɗa. Na yi kuskure.”

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba, balle ta ƙarshen. Ta dubi akwatin, ta dubi jan karammiskin da ke rataye, da hinjis a cikin murfin gwangwani. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun kaɗan-kaɗan. Ta rataye rigar a ƙusa.

“Ina zan riƙe?”

Ya nuna mata. Hannu ɗaya a kan faɗin, ɗaya a wuyan, ta danna da nauyinta, kada ta kalli zarto. Ya fara ja. Garin katako na zuba a kan yatsunta, amon na bin hannunta har kafaɗa. Yana ja yana kallon tef, in ya kusa taɓa katako ya sassauta, ya matsa gaba. Gefen farko ya ɗauke su kusan rabin awa. Suka juya.

A gefe na biyu ne ta ce, “Sati uku ina jira ka ce wani abu.”

“Ai ban ce komai ba.”

“Shi ne ai, Baba.”

Ya tsayar da zarton. Da gaske bai gane ba. “In da ban yarda ba, da kin ji ni.”

“Ta yaya zan sani? Ni shirunka tsoro yake ba ni. Tun ina ƙarama.”

Ya ci gaba da yanka, don hannunsa ba ya iya tsayawa in ransa ya motsa. Yana yi yana ba ta labarin baƙar wayar bango, da yadda gabansa ke faɗuwa in ta yi ƙara, da shekara huɗun da ta yi shiru. Bai iya labari ba, yana farawa ta tsakiya ya koma baya, amma ta ji. Ya ce ranar da ta karanta takardar nan, daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, ya rasa inda zai sa shi, shi ya sa ya tafi wajen famfo. Ya ce kuma yana tsoro. Duk abin da ya taɓa ɗaurewa da hannunsa ya sa a mota, bai sake ganinsa ba.

Auta ta ƙara danna akwatin.

A kusurwar ƙarshe, wajen kan jitar, hannunsa ya gaji, zarton ya zarce tef da ɗan kaɗan. Dukansu suka ji ƙaran ya sauya. Ya zare da sauri. Ya sa yatsu ya ɗaga, murfin ya rabu da jikin akwatin salin-alin, baki daidai da baki. Jitar na kwance yadda ya kwantar da ita. Sai dai a gefen kanta akwai ƙarzane siriri, tsawon farce.

Ya sunkuya ya duba wurin. “A kamfani da an mayar da wannan,” ya ce.

Ta shafa wurin da babban yatsa, ta hure garin katakon. Ta murɗa maɗaurin tsirkiya ɗaya, ta kaɗa, ta murɗa wani. “Nan ba kamfani ba ne,” in ji ta. “A bar mini shi haka.”

Sauran wunin tare suka yi shi. Ita ta shafa gam ta lulluɓe soson da karammiski, don hannunta ya fi nasa taushi. Shi ya ɗaura hinjis, ya kwance, ya sake ɗaurawa sau uku kafin murfin ya daina cijewa. Suka sa maɓallai da mariƙi. Da aka gama ya buɗe, ya rufe, tak tak. Ya sake buɗewa, ya rufe. Matarsa da ta kawo musu ruwa ta tsaya tana kallo, ta ce, “Auta, karɓe abin nan kafin ya cinye hinjis ɗin tun ba a je ko'ina ba.” Duk da haka sai da ya zana kibiya a gefe, ya rubuta A KULA da jan fenti. Auta ta bar shi.

Asabar a tasha ya kusa dambe da mai lodi tun mutumin bai taɓa komai ba. Ya ajiye akwatin a ƙasa ya hau kai da ƙafa biyu don kowa ya shaida, Auta na cewa Baba don Allah mutane na kallo. Bayan duk wannan kuma ya ce kada a sa shi a but, a cinyarta za ta riƙe. Ta shiga ta zauna ta taga. Ya zaga motar ya duba tayoyi, ya dawo. Ya sake zagawa. Direba ya tayar da inji. Matarsa ta gama addu'o'inta da nasihohinta, ta ja baya tana share ido, ta zungure shi da gwiwar hannu.

Ya matsa jikin tagar. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin maganar ta fito.

“Na yarda ki tafi. Allah ya yi miki albarka.” Ya dafa tagar. “Amma kada ki yi mini irin ta kamfani. Ki kira, ko ba abin da ya fashe.”

Ta gyaɗa kai, motar ta ja.

Kwana ɗaya da wuni ba ƙaramin lokaci ba ne ga mutum irinsa. Ya share rumfa. Ya jera ƙusoshi bisa tsawo. Ya kwance famfon nan dai ya mayar, sai ga shi ya fara yoyo. Wayarsa na aljihun gaba, yana ciro ta yana dubawa ko ta mutu. Da can shiru shi ne kwanciyar hankalinsa, yanzu shirun ne ke cin sa. Lahadi da yamma yana bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, yana kai-komo tsakanin kujerar roba da bakin titi, sai wayar ta yi ƙara. Gabansa ya faɗi, faɗuwar shekara talatin da ɗaya. Ya kara a kunne, ko sallama bai amsa ba.

“Me ya fashe?”

“Ba komai, Baba. Na iso. Tsaya ka ji.”

Ya ji tak, ya ji tak. Ya ji ɗan kukan hinjis, ya ce a ransa yana son mai. Sannan tsirkiya huɗu suka taso daga can nesa, waƙar ƙirgan nan da take koya wa yara, wadda ya yi shekaru yana ji ta bayan igiyar shanya yana yi kamar ba ya ji.

Matarsa ta leƙo don ta tambayi ko Auta ce. Ta same shi zaune a kujerar roba, ya jingina baya, waya a kunne, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba. Ta tsaya a bakin ƙofa har aka gama waƙar, aka fara wata, yana ce wa wayar, “Ina ji. Ci gaba, ina ji.” Da ta zo ɗaukar kofin daga baya, a gindin kujerar ta same shi, babu komai a ciki.